Yatsan Baba da Jan Yadin da Na Karyar

Assalamu alaikum Edita, da ku masu bibiyar wannan shafi. A lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru ni saurayi ne ɗan Fagge, na gama bautar ƙasa na dawo gida da takarda, aiki kuma shiru. Sojoji sun daɗe da komawa bariki, farar hula suna ta alkawarin ayyuka a rediyo, mu kuma muna ta gugar riga muna zagaya ofisoshi. Ni mutum ne mai saurin hawa, kuma ba na son a fi ni, ko a ƙwallon layi ne. Innata takan ce da zuciyata gawayi ce da mun huta da sayen kananzir. Na daɗe ina son rubuto muku, sai in tuna cewa duk wanda ya ji labarin a kan wasan kwamfuta ne dariya zai yi. To a yi dariyar, ni ma da wani ne ya ba ni da na yi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don mutanen unguwarmu suna karanta mujallar nan.

Asalinmu mutanen Barno ne, kakana fatauci ya kawo shi Kano ya zauna a Fagge, a nan aka haifi Babana. Tun yana yaro yake Kantin Kwari, ya fara da dakon dila har ya mallaki shagon atamfa da shadda. Ba wani babban attajiri ba ne, amma a layinsu idan ciniki ya rikice shi ake kira. Yana da amini guda, ɗan ƙabilar Ibo, Kirista, haifaffen Sabon Gari, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya yi shekaru yana sayar da zare da kayan keken ɗinki a wajen mahaɗar Bata, daga baya ya mai da saman shagonsa wurin intanet da abin ya fara tashe. Mu 'ya'yan gidan Baban Sabon Gari muke ce masa. Shi yana kiran Babana Alhaji, Baba kuma yana kiransa Oga, kuma ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna a kan wanda ya fi wani tsufa ba. A shagonsa nake wuni idan na gaji da yawon neman aiki, don ba ya karɓar ko sisi a hannuna.

Sai hawan jini ya buge Baba a kasuwa, wata rana da hantsi yana cikin auna yadi. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta koma sai da ƙyar, wani lokaci sai Inna ta fassara mana. Yayana ya karɓi shago. Likitar da take yi masa gashi ta ja ni gefe ta ce ƙafar za ta ɗan dawo, amma hannun yana da wa'adi: idan bai dage da motsa shi a watannin nan ba, yatsun za su naɗe su ƙage, kuma shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya kalli ƙwallon, ya kalle ta, ya ce shi ba yaro ba ne. Muka yi lallashi, Inna ta yi kuka, Baban Sabon Gari ya yi faɗa, duk a banza. Ya ce hannun da ba zai ƙara auna yadi ba me zai yi da shi. Sai ya koma zama a kan tabarma a tsakar gida yana kallon bango, yini guda ba ka jin muryarsa sai in zai yi salla. Wallahi shirun nan ya fi ciwon tayar mana da hankali, don Baba mutum ne da ko barci yake yi sai ka ji yana ciniki.

Ni kuma a lokacin na nutse a wani wasa na intanet da samarin shagon Baban Sabon Gari suka koya mini. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke shiga gari ɗaya na cikin kwamfuta, wasu suna yaƙi, wasu suna sana'a, kuma akwai kasuwa da kowa yake kasa kayansa ya sa farashi da kuɗin wasan, kuɗin da ba sa sayen ko ashana a waje. Ni saƙa da rini na zaɓa, ina sayar da yadi ga masu ɗinka wa mutanensu na wasan tufafi. Tsarin kasuwar mai sauƙi ne: akwai allo, kayan da ya fi araha shi ne a sama, mai saye kuma na sama yake dannawa ba ruwansa da mai shi. Saboda haka kowa dabararsa ɗaya, ka duba na sama ka rage kwabo ɗaya ka hau kansa. Da yayana ya bar mini tsohuwar laftof ɗinsa na samu modem, sai na fara yi a gida, a gefen tabarmar Baba, don Inna ta ce kada a riƙa barinsa shi kaɗai. Wata la'asar ina ta tsaki saboda kayana sun ƙi tafiya, sai na ji murya a bayana, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yana tambaya nawa na saro. Na waiga ban yarda ba. Inna da take tankaɗe ta tsaya cak da rariya a hannu. Na faɗa masa, ya tambayi nawa nake sayarwa, na faɗa, sai ya girgiza kai ya ce wannan ba ciniki nake yi ba, dako nake yi wa mutane.

Daga ranar muka zama mu biyu a shagona na cikin wasan. Ni ne hannu, shi ne kai. Abin da ya fara tambaya shi ne yaushe mutanen garin suke samun kuɗi, yaushe kuma masu saƙa suke cika kasuwa. Da muka lura cewa ƙarshen mako kaya suna yin yawa farashi ya faɗi, sai ya ce ranar sari ke nan, mu saya mu yi shiru, sai tsakiyar mako mu fitar. Ya hana ni kasa kaya duka a allo, ya ce idon mai saye idan ya ga kaya jibge sai ya raina su, a fitar da kaɗan a bar sauran a sito. Ya ce in daina sayar da turmi guda, in yanka yadi-yadi, don mai ƙaramin ƙarfi ya fi yawa kuma ba ya jin ciwon ɗan ƙarin da ke kai. Waɗannan duk na ga amfaninsu nan da nan. Amma akwai biyu da na riƙa yi don kunyarsa kawai. Na farko, ya ce ba za mu taɓa rage kwabo mu hau kan wani ba, sai dai mu daidaita da na sama, don a Kwari wanda ya karya wa maƙwabcinsa farashi ya karya wa kansa, gobe shi ma za a yi masa. Na biyu gyara. Duk wanda ya sayi kaya da yawa sai na bi shi da saƙo da ɗan ƙyallen yadi kyauta, kamar yadda ake ƙara wa mai saye a kasuwa. Na ce Baba mutanen nan ba su san gyara ba, wasu ma ba su san inda Kano take ba. Ya ce za su koya. Gaskiya wasu kaɗan sun riƙa dawowa suna nemana kai tsaye, amma sau da yawa haka za mu wuni kayanmu suna ƙasan allo ba ciniki, ni ina cika ina batsewa, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata rana na ba shi labarin wani biki da ake yi a cikin wasan sau ɗaya a shekara, inda kowa yake son ya sa wa mutuminsa jajayen kaya. Idon Baba ya kawo haske. Ya ce ashe su ma suna da sallarsu. Ya sa muka fara tara jan yadi tun ba wanda ya damu da shi, kullum kaɗan-kaɗan don kada mu tayar da farashi da kanmu. Duk safiya bayan ya sha kunu sai ya tambayi abin da ke sito, in faɗa masa, ya lumshe ido yana lissafi. Sannan ya faɗi maganar da ta sa Inna ta shige ɗaki don kada ya ga hawayenta: ya ce ranar da za a buɗe wannan kaya shi zai sa farashi da hannunsa, ba zai bar wa yaro ba. Na nuna masa ɗan linzamin kwamfutar da muke ce wa maus, na ce sai an danna da yatsa. Ya gwada da hagu ya ce a'a, shi bai taɓa karɓar kuɗi ko miƙa kaya da hagu ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Ranar Lahadi da Baban Sabon Gari ya zo bayan an tashi daga coci, kamar yadda ya saba, ya ji labari. Washegari sai ga shi da wani tsohon maus da ya lalace a shagonsa, wayarsa a guntule. Ya ɗora hannun Baba a kai, ya miƙar masa da manuniya, ya ce to Alhaji sai a nuna mana ko tsufan ne ya zo. Mutumin da ya ƙi ƙwallon likita sai ga shi yana wuni da maus a cinya. Da farko yatsan ko motsi ba ya yi. Daga baya muka fara jin ƙas, sai an jima a sake jin ƙas. Har ta kai Inna tana mitar cewa ƙarar ta hana ta jin rediyo, tana mitar tana murmushi. Likitar gashi da ta gani ta ce ko mene ne muke yi kada mu daina, sauran yatsun ma sun fara saki.

A cikin haka wani mai sayar da yadi ya addabe ni. Ban san ko waye ba, ban san ƙasarsu ba, na dai sa masa suna Ɗan Kwabo. Duk lokacin da na kasa kaya, kafin in sha ruwa ya rage kwabo ɗaya ya hau kaina. Na kai ƙara wajen Baba ina huci, na ce yau kam sai dai ya yi haƙuri, zan nuna wa mutumin nan iyakarsa. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in aika masa da gaisuwa. Na zaci ban ji daidai ba, sai da Inna ta maimaita mini. Ya ce a layinsu idan maƙwabci ya fara karya farashi ba a fara da faɗa, zuwa ake yi a gaishe shi a tambayi iyali, don yawanci wanda yake sayarwa a ƙasa akwai abin da ya taso masa a gida, ko rashin lafiya ko haihuwa ko mai kaya ya matsa. Idan an ji damuwarsa sai a san yadda za a yi, wani lokaci ma 'yan layi su saye kayan nasa a kan daraja don kada kasuwa ta lalace. Na ce to Baba, na kuma yi dariya a cikina. Wane iyali, wace haihuwa, mutumin da wataƙila yaro ne a wata ƙasa mai sanyi yana cin biskit. Ban aika ba. Da ya tambaye ni bayan kwana biyu na ce layin intanet ne ba kyau.

Ranar da na yi ɓarnar a shagon Baban Sabon Gari nake, da rana tsaka, an ɗauke wuta janareta tana ta ruri, zafi kamar gidan burodi. Samarin da muke wasan tare suka leƙo allona suka ga Ɗan Kwabo a kaina, suka fara tsiya. Wani ya ce ai tunda tsoho ne manajana sai in jira a zo a yi mini sulhu da goro. Maganar nan ta soke ni, kuma abin kunyar shi ne ba don an taɓa Baba ba, don an ce an fi ni ne. Na rage farashi, Ɗan Kwabo ya rage. Na sake ragewa, ya sake. Kaina ya ɗau zafi. Na ce bari in cika kasuwar da kaya har ya rasa inda zai sa ƙafa, in ya gudu sai in saye abina in mayar. Na buɗe sito na fara fito da jan yadin Baba, na zuba shi a ƙasa da abin da muka saro, samari suna ta zuga ni. Can sai na ga ya daina ragewa, na ɗaga hannu ina cewa ya gudu. Ashe ba gudu ya yi ba. Kafin in sauke hannun kayan suka fara ɓacewa daga allo, turmi bayan turmi, kuma sunan mai saye guda ne. Shi ne. Ya bar ni na karya da kaina, ya kwashe duka a arha. Da na duba sito ba abin da ya rage sai 'yan ƙyallayen da muke ajiyewa don gyara. Samarin suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma kan kwamfutarsa.

Na ce zan mayar kafin biki. Amma abin da Baba ya hango shi ya faru, jan yadi ya fara tashi kullum, abin da na samu a cinikin haukan nan ko rubu'in kayan ba zai saya ba, kuma na yi ta jira ya sauko har ya fi ƙarfina gaba ɗaya. Baban Sabon Gari ya ga yadda nake zama jugum ya kira ni ƙasa, cikin zare da allurai, ya tambaye ni. Na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, ya dai cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce ɗana, je ka faɗa wa Alhaji yau, kafin rana ta faɗi, don Alhaji ya sha faɗuwa a kasuwa ya tashi, asara ba baƙuwarsa ba ce, kuma in ya ji da wuri zai zauna ya sake dabara, dabarar ma wani abin yi ne. Ya ce shi ba zai faɗa ba, don ba bakinsa ya kamata a ji ba. Na ce to. Na hau acaɓa na iso gida da niyya, ina shiga soro na ji ƙas, ƙas daga tsakar gida, sai na fasa. Na ce gobe. Goben ta zama jibi. Duk safiya ya tambayi sito in ce yana nan yadda yake, in ya ce a buɗe ya gani in ce modem ba kati. Tsoro nake ji, ba na faɗansa ba, na ganin fuskarsa.

Ranar bikin ta faɗo Lahadi. Tun da safe Baba ya sa aka kira wanzami. Bayan la'asar ya ce a ciro masa babbar rigarsa ta shadda, wadda bai sa ba tun da ya kwanta, da hularsa ta Barno, Inna ta turara masa su. Ta yi sinasir da miya, wai ranar kasuwa ce. Baban Sabon Gari ya shigo da kayan cocinsa, yana ganina ya gane ban faɗa ba, ya sunkuyar da kai ya zauna. Aka jingina Baba da matashi, aka ɗora laftof a kan kujera 'yar tsugunno, na haɗa maus mai aiki na sa a ƙarƙashin hannunsa. Yana ta tsokanar amininsa cewa yau zai ga yadda ake ciniki, ba irin na masu allura ba. Ya ce in buɗe sito. Na buɗe. Baba bai iya Turanci ba, amma ya san yadda sito cike yake a allon, ya kuma ga ramukan da ba komai. Ya dube ni. A nan na durƙusa na faɗi duk abin da ya faru, tun daga tsiyar samari har gaisuwar da ban aika ba. Ina jin mai gyaran takalmi yana wucewa a waje yana buga akwatinsa.

Da Baba ya buɗe baki, abin da ya tambaya shi ne ko mutum ɗaya ne ya saye kayan duka. Na ce e. Ya tambaya ko na ba shi gyara. Na ɗago na kalle shi, na ce Baba wannan fa shi ne ya cuce mu. Ya ce a'a, bai cuce mu ba, mun kasa kaya ya saya, kuma duk wanda ya kwashe maka kaya gaba ɗaya babban kwastoma ne, ba a sallamarsa hannu rabbana. Ya tambayi abin da ya rage, na nuna masa ƙyallayen. Ya ce in haɗa su duka, in rubuta cewa mai shagon yana gaishe shi, yana tambayar iyali, Allah Ya sa albarka a abin da ya saya. Na rubuta ina ganin allon dishi-dishi. Na kai kibiyar kan wurin aikawa na janye hannuna. Baba ya tattara ƙarfinsa, kafaɗarsa tana karkarwa, gumi ya tsattsafo a goshinsa, Baban Sabon Gari ya riƙe masa gwiwar hannu. Muka ji ƙas. Saƙon ya tafi. Inna ta ce alhamdulillahi a hankali. Baba ya daɗe yana kallon yatsan, sannan ya ce wa Inna ta taimaka ta cire masa rigar, ta yi masa nauyi. Sinasir ɗin nan har ya huce ba wanda ya ci na kirki. Da Baban Sabon Gari zai tafi, Baba ya miƙa masa tsohon maus ɗin da hagu, ya ce ya gode, an gama aikin.

Ɗan Kwabo bai taɓa amsawa ba, ko na gode bai ce ba. Ni kuwa na dage na sake tara kaya, na riƙa kawo laftof gefen tabarma ina tambayar Baba yaushe za mu saro, nawa za mu sa. Sai ya yi murmushi da ɓarin bakinsa mai motsi ya ce in yi yadda na gani, kasuwata ce. Bai yi fushi da ni ba, da ma ya yi da na samu sauƙi. Wata safiya na riƙe ƙafarsa na roƙe shi gafara, ya dafa kaina ya ce ya yafe duniya da lahira, in daina damun kaina, ai wasa ne. Tun da muka fara bai taɓa kiran abin wasa ba sai ranar. Kullum shago yake cewa, ko kasuwa. Na fita soro na yi kuka kamar ƙaramin yaro, don na gane abin da na karyar ba yadi ba ne. Na sa dattijo ya ji yana da shago da abokin ciniki, sannan na nuna masa cewa in zuciyata ta hau ba sai na tambaye shi ba. Gidan ya daina jin ƙas. Baban Sabon Gari ya dawo da maus ɗin har sau biyu, ya yi tsokana, ya yi lallashi, Baba ya ce a ajiye masa a kan taga. Kafin damina ta wuce yatsun suka naɗe cikin tafin hannu kamar yadda likita ta faɗa, sai manuniya kaɗai da ta tsaya a miƙe.

Baba ya ƙara wasu shekaru, na samu aiki, na yi aure, har ya ga ɗana na fari. Ranar da Allah Ya karɓi abinsa ni da yayana da limamin unguwa muka yi masa wanka. Da muka zo hannun dama, liman ya ga yatsu a dunƙule manuniya a tsaye, ya ce Allahu akbar, dattijon nan da yatsan shahada ya tafi. Maganar ta bazu a wajen zaman makoki, mutane suna ta faɗa, kuma ina roƙon Allah Ya sa hakan ne, don Baba mai salla ne. Amma da na fito na tarar da Baban Sabon Gari a tsaye a ƙofar gida, ya tsufa yana dogara sanda, ya riga ya ji abin da ake cewa. Ya kama hannuna ya matse, muka kalli juna. Mu biyu mun san inda yatsan nan ya koyi miƙewa, mun kuma san ranar da sauran huɗun suka tsaya.

Abin da ya sa na rubuto ke nan. Yanzu wasannin nan sun shiga wayar kowa, ina ganin yara a Fagge da Sabon Gari suna musu a kan dabarar sa farashi, wa ya karya wa, wa ya kwashe kayan wa. Ba zan ce ku daina ba. Amma kada ku sa farashi kuna cikin fushi, kada kuma ku bari 'yan kallo su riƙa zuga ku, don in kaya sun tafi su kan nasu allon za su koma. In kun yi ɓarna ku faɗa a ranar, tun ana iya gyarawa. Mafi girma kuma, in akwai wani dattijo ko mara lafiya a gidanku da ya kama wani ɗan abu yana tashi da shi da safe, ko kiwon kaji ne, ko lissafin cefane, ko shagon da babu shi sai a allo, kada ku taɓa abin nan ba da saninsa ba, ko da a idonku wasa ne. Ni na ɗauka yadi nake sayarwa. Har yau in ina ofis wani ya danna maus a bayana sai na waiga. Ku taya ni yi wa Babana addu'a.